Macijin tagulla da tambayar wata yarinya

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu karanta wannan jarida.

Shekara 19 ke nan ina koyar da yara a makarantar Lahadi a nan Tudun Wada, Jos. Makon jiya muna kan Littafin Ƙidaya sura 21, inda Isra'ilawa suka yi gunaguni a jeji, macizai suka yi ta saran su, har Allah ya umarci Musa ya ƙera maciji, ya kafa a kan sanda, duk wanda aka sara in ya dube shi ya rayu. Sai wata 'yar shekara 10 ta ɗaga hannu: "Mama, ba maciji ne ya ruɗi Hauwa'u ba? Yaya kuma ya zama magani?"

Tambayar nan ta tuna mini da mahaifina, wanda ya yi aikin kuza a Bukuru. Da dare yakan karanta mana tsohuwar fassarar 1932 a hasken aci-balbal, yatsa ɗaya a Tsohon Alkawari, ɗaya a Sabo. Haka na yi mata. Na buɗe Yohanna 3:14, inda Yesu ya faɗa wa Nikodimu cewa kamar yadda Musa ya ɗaga maciji a jeji, haka za a ɗaga Ɗan Mutum. Dafin shi ne zunubin da ya shigo ta wurin Adamu, ya bi jininmu duka. Abin nan da yake kashe mu, shi Almasihu ya ɗauka a jikinsa a kan gicciye, shi da bai taɓa zunubi ba. Wanda aka sara kuwa ko kwabo bai biya ba. Ɗaga ido kawai ya yi.

Ga abin da yake ci mini rai. A wasu majami'u sai a yi wata da watanni ba a ambaci zunubi ba, sai buɗi da arziki, ana sayar wa marasa lafiya mai da ƙyalle. An manta da 2 Sarakuna 18:4. Macijin tagullar nan, Sarki Hezekiya farfasa shi ya yi, domin mutane sun koma suna ƙona masa turare. Sun rungumi inuwa kamar ita ce mutumin.

Ina roƙon fastocinmu, musamman matasan da suke fitowa daga makarantun horar da fastoci na TCNN da JETS, su riƙa kawo mana irin wannan karatu kan bagade da Hausar da tsofaffi za su gane. Lahadi mai zuwa ajinmu zai shiga Fitowa sura 12, ɗan ragon Idin Ƙetarewa. Yarinyar ta ce da ƙanenta za ta zo.

Taka,
Malamar makarantar Lahadi,
Tudun Wada, Jos.