Abba, kar ka taɓa sunan nan

Assalamu alaikum Abba. Da fatan ka sauka Kaduna lafiya, ka samu Kawunka da mutanen gidansa lafiya. Jiya bayan isha'i sau uku ina kiranka baka ɗauka ba shi yasa nace bari in zauna in rubuta, dama ni in na fara magana a waya faɗa ne yake shigowa kai kuma sai kayi gum kamar yadda ka saba tun kana ƙarami.

Ƙanwarka ce ta gaya wa Ummanku, ita kuma ta gaya min, kuma kar in ji ka hau yarinyar nan da masifa don tsoro ne ya sa ta faɗa. Wai akwai wanda yace zai yi maka takardar rantsuwar kotu a canza maka suna, a cire nawa a sa wani, sannan a haɗa maka wata takardar da zata nuna shekara biyun nan da kayi a gidan yari a Legas kayi su kana aiki a kamfani. Wallahi tun da naji maganar nan ko abincin dare ban iya ci ba.

Ba wai ban san abin da yake cin ka ba ne. Ina zaune a tsakar gida ranar da kake cike fom ɗin aikin gadi akan tabarma, na ga biro ya tsaya a hannunka da ka zo layin da suke tambaya ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci, ka daɗe kana kallon wajen kafin ka rubuta eh. Basu kira ba. Na biyu ma haka, na ukun har intabiyu kaje kuna hira lafiya lau sai da aka zo wajen nan fuskar mutumin ta canza. Kuma na san wanda muka yi shekara da shekaru muna sahu ɗaya a masallaci da aka kai masa takardar garanto cewa yayi tabaransa ya ɓata. Duk ina sane, shiru kawai nake yi.

Amma Abba suna zaka canza, yatsunka fa? 'Yan sanda sun ɗauki zanen yatsunka, NIN ɗinka da yatsa aka yi, BVN da yatsa, takardar shaidar hali ta 'yan sanda da wasu wuraren suke nema ita ma sai an dangwala yatsa. Gwamnati ma da kanta a 2019 lokacin Buhari ta canza wa gidan suna zuwa gidan gyaran hali, ka fita titi ka tambaya kaji, kowa gidan yari yake cewa. Takardar jabu laifi ce mai zaman kanta, rantsuwar ƙarya ma haka, kuma wanda ya taɓa shiga idan ya sake tsayawa gaban alƙali ba da idon farko ake kallonsa ba. Shi wanda zai karɓi kuɗinka ranar da asiri ya tonu ko wayarsa ba zata shiga ba. Kai za'a sa a mota.

Abin da yake hana ni barci kenan, komawa. Ni ba zan iya sake bin layin ƙofar gidan yarin Kurmawa da kular abinci a hannu ba, a buɗe a ce in ɗanɗana kafin a shigar maka, in dawo gida Ummanku tana kallon bakina tana jiran in ce ka yi ƙiba alhali ƙarya zan yi mata. Gwiwata bata da wannan ƙarfin yanzu, hawan jininta kuma kai ka san daga ina ya samo asali.

Na san har yau kana riƙe da ni kan maganar gona. Gonar nan gado ce, akwai haƙƙin gwaggonninka a ciki, ba zan sayar da abin marayu in biya kuɗin da kai ka ci da abokanka ba, ko yau aka dawo da maganar abin da zan yi kenan. Kuma ka daina kawo min misalin Annabi Yusuf. Shi sharri aka yi masa, kuma da aka zo fitar da shi ƙin fita yayi sai da aka wanke shi a gaban sarki. Kai ka aikata, ka amsa da bakinka, ka biya. Sunan mahaifina ne a kanka shi yasa ko sau ɗaya ban taɓa kiranka da shi gatsal ba, yanzu kuma don aikin gadi zaka je ka ajiye shi a teburin wani ɗan damfara? Haba Abba.

To ya isa. Kana da sana'a a hannu, waldar da ka koya a can da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ƙofar bayan gidanmu da ka gyara har maƙwabta sun tambayi wanda yayi. Nayi magana da Kawunka, yana da mutum a Panteka, can ba fom ake dubawa ba, ƙarfe biyu za'a miƙo maka a ce haɗa mu gani. Ranar farko kafin ka taɓa komai ka ja maigidan gefe ka gaya masa inda ka fito da bakinka, kar ka bari wani ya riga ka. In ya nemi garanto ni ne, zan hau mota in zo da takardar gidan nan in sa hannu.

Ummanku ta bada yaji da dambun nama a kawo maka ranar Asabar, kaje tasha da wuri ka karɓa. Gobe bayan sallar asuba zan sake kira, ka ɗauka ko da baka da abin cewa.

Babanka.