Kafin a ɗora tasar kaka a sikeli, a kai ta Kurmi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da matan gida da masu rabon gado, musamman na cikin birnin Kano, a kan tsofaffin kayan da iyayenmu suke rasuwa su bari. Yanzu da an yi sadakar arba'in an zo kwashe ɗakin tsohuwa, sai a ware gwal da atamfofi a raba bisa ƙa'ida, sauran kuma, tasoshi da kumbuna da butar tagulla da munduwa, a zube su a tsakar gida a ƙwala wa ɗan gwangwan kira. Shi kuwa ba ruwansa da zane, ba ruwansa da shekaru. Mayen ƙarfe zai kara ya ga tagulla ce ko baƙin ƙarfe, ya take ta da ƙafa ta lotse don ta shiga buhu, ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin kilo. Daga nan sai wuta. Ban ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Mu ne ba mu san cewa akwai masu sayen irin wannan kaya da darajarsa ba, kuma ba su yi mana nisa ba, suna nan kasuwar Kurmi.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, kuma tun da na ajiye alli na mai da shiga Kurmi abin yi. Duk ɗan aji huɗu zai gaya maka Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa kasuwar, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, amma ka tambayi iyayen yaran yaushe rabonsu da ita, sai ka ji shiru. Kowa ya koma Kwari da Sabon Gari da Singa. Idan ma an ce tsohon kaya, hankalin mutane gwanjon Ƙofar Wambai yake tafiya, ko ƙarafan Ƙofar Ruwa. Alhali in ka shiga ta ɓangaren Jakara, ka bi lungunan nan da mutum biyu ba sa jerawa, ka wuce masu turare da dukawa da masu littattafai, za ka tarar da rumfunan da kaya suka kai har rufi: sirdi da linzami da likkafa, takubban Buzaye, tandu, adudu, akushi, dutsen guga na gawayi, fitilar aci-balbal, garmaho da ya daɗe da yin shiru, wuri a cikin ƙwarya, tsakiya da murjani a rataye. Ƙura kam akwai ta, kuma da damina sai mutum ya sa takalmin da ba ya tausayi.

Sayayya a wurin ba ta mai gaggawa ba ce. Bari in ba ka labarin wata tasa da na saya wa 'yar autata lokacin da muke haɗa mata kayan ɗaki. Tana can ƙasan tuli, ta yi baƙi ƙirin, amma na hango gefen murfinta da zanen da aka buga da guduma, aikin maƙeran Bida. Ban nuna ta ba. Na fara da tambayar kuɗin wani ludayi, muka gaisa da mai rumfar, dattijo ne mai furfura, ya ba ni benci, muka taɓa hirar tsadar gero. Can sai na ce, "Alhaji, waccan baƙar fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai tun shigowarki ita kike kallo." Ya zaro ta, ya shafa toka da lemon tsami a wuri ɗaya kamar faɗin babban yatsa, sai ga ja ya fito yana walƙiya. Ya ƙwanƙwasa ta da zobensa don in ji amonta, ya kifa ta ya nuna mini inda gindin ya sha ƙasa har zanen ya shafe, da wani ɗan faci da aka yi da dalma. Ya ce dubu talatin. Na taya dubu goma, ya ce albarka. Na ƙara biyu, ya ce, "Haba Hajiya, ko ɗan gwangwan ai ya kusa nan." Muka yi ta ja, har na miƙe na gyara mayafi, sannan ya sallama a dubu goma sha bakwai, ya ɗora mini anini biyu gyara. Ƙawayen amarya sun yi dariya da suka gan ta a tsakiyar tangaran. Kakar angon kuwa da ta zo ganin ɗaki, ita ta fara ɗauka, ta ce rabonta da irinta tun jeren uwarta.

Wanda zai shiga wannan kasuwa dole ya san cewa ba kowane baƙin abu ne tsoho ba. Akwai masu sassaƙa akushi jiya su turara shi da hayaƙi yau, su shafe shi da man kaɗe ya yi sheƙi. Akwai masu binne sabuwar tagulla a danshi don ta yi kore. Tsohon akushi bakinsa ya cinye ta inda hannu yake kamawa, cikinsa ya yi santsi saboda tuwo da wanki, kuma sau da yawa za ka ga ɗinkin gyartai a inda ya taɓa tsagewa. Na jabu kuwa tsufansa bai ɗaya ne ko'ina, har inda hannu ba ya kaiwa. Haka liyari, kuɗin azurfan nan mai hoton Mariya Teresa ta ƙasar Austiriya da kakanninmu suke ratayawa a wuya. Za a nuna maka 1780 a jikinsa a ce ka gani, ya haura shekara 240. To, duk wanda aka buga bayan rasuwarta a wannan shekarar, 1780 ɗin aka ci gaba da rubutawa, kuma har gobe ana buga shi haka. Saboda haka shekarar ba hujja ba ce, nauyinsa za ka duba, wajen giram 28, ka kuma saurari ƙararsa. Su anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, da taro da sisi da sule da fataka, kuɗin zamanin fam, wanda naira ta kora a 1973, suna da yawa ƙwarai, kada wani ya tsuga maka kuɗi a kansu. Ni dai ina sayensu ne in nuna wa jikoki, don yaron yau yana jin ana cewa "ba ni da ko anini" bai taɓa riƙe shi ba.

A gaskiya yawancin dattawan rumfunan nan ba sa ɓoye maka. Ka tambaya kai tsaye, "Wannan na da ne ko aikin yanzu?" za su faɗa. Yaran da suke tare ka tun daga bakin hanya suna cewa "zo in kai ka" su ne abin lura, domin la'adarsu a cikin kuɗinka take.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardu. Tasa in ta narke an yi asarar aikin maƙeri, amma littafin da aka rubuta da hannu in ya tafi, ya tafi da sunan marubucinsa da malaminsa da garinsu. Na ga gafaka cike da warƙoƙi, tawada baƙa da ja, an kawo ta Kurmi daga wani gida bayan gara ta ci kusan rabi, wai a soron ƙofa aka jibge ta shekara da shekaru. Mai rumfar ya ɗaga warƙa ɗaya ya saita ta da hasken rana, sai ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Irin wannan takarda daga Italiya ake yin ta, fatake suka riƙa ratso Sahara da ita, kuma da ita malamanmu na ƙarni na 19 suka yi rubutu da yawa. Duk wanda ya ga wata ukun nan a takardun gidansu, kada ya sayar wa kowa tukuna, kuma don Allah kada ya ƙone da sunan girmamawa. Ya kai gidajen adana tarihi, Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama, a duba masa, ko Gidan Arewa in yana Kaduna.

Akwai kuma doka, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a cinikinsa sai ta hannun wanda aka ba izini, ba a fita da shi waje sai da takarda. Doka ce mai kyau, musamman in aka tuna yadda aka yi ta haƙe gumakan Nok ana sulalewa da su Turai. Sai dai ta tsare filin jirgi ne, ba ta tsare sikeli ba. Kuma mafi yawan abin da yake ɗakunan iyayenmu bayan 1918 aka yi shi, na zamanin auren kakanninmu ne, ba wanda ya hana a saya ko a sayar. Masu rumfunan suna cewa Turawan da suke zuwa a da sun ɗauke ƙafa, ciniki ya ja baya, wasunsu har sun fara cika gaban rumfa da hula da carbi. In mu 'yan gida ba mu saya ba, su ma wata rana ɗan gwangwan za su kira.

Roƙona ga malamai da alƙalai masu rabon gado shi ne, yadda ake kiran mai gwal ya auna sarƙa, a riƙa kiran mutum biyu daga Kurmi su yi wa tagulla da azurfa da akussa kuɗi, kowa daban, kafin a ce tarkace ne. Haƙƙin marayu ne ake zubarwa a kilo. Shugabannin kasuwar kuma su duba yiwuwar ware rana ɗaya a wata da kowa zai iya kawo tsohon kayan gidansu ya shimfiɗa tabarma, a sa dattawa su zauna su faɗa wa mata abin da suke riƙe da shi, ko da ba sayarwa za su yi ba. Malaman makaranta da suke kai yara Gidan Makama, tafiyar ba ta da nisa zuwa Kurmi, su ƙarasa da su, a can ne yaro zai taɓa likkafa da hannunsa ba a daka masa tsawa ba.

Na gode da ba ni wannan dama.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
Yakasai, Kano.