Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta 'Yan Haya

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Bari in fara da abin da ake ta kirana a waya a kansa: asusun ɗaukar lauya. Ba a buɗe shi ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba, wasu rabonmu da sisinsu tun kafin azumi. Ni da ma'aji mun bi mutane har gida, daga Kurna zuwa Ɗorayi da Rijiyar Zaki, da man babur ɗinmu. Ɗan abin da ya shigo, hayar kujeru da buga takardu suka cinye. Rasit yana wurin ma'aji, mai shakka ya je ya duba. Ƙasidar haƙƙin ɗan haya ma an rubuta ta, kuɗin bugawa ne babu.

Zaman wata-wata an yi, ban da na watan babbar salla.

Abin da ya faranta mana rai shi ne taron wayar da kai na Fagge. Alhamdulillahi, kujeru ba su isa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi. Lauyan da ya zo, Allah ya saka masa, ko kuɗin mota bai karɓa ba. Ya bayyana cewa in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata kuma wata 1. Wa'adin ya cika, sai wata takardar ta kwana 7, sannan kotu. Mai gida ba shi da hurumin cire ƙofa, kwance kwano ko watso kaya waje da kansa. Ya kuma ja kunnenmu: bashin haya yana raunana hujjar mutum, kuma a daina ba dillali kuɗi babu rasit.

Ba a jima ba muka ga amfaninsa. Wata 'yar'uwarmu mai marayu, da aka ba sati 2 ta tashi, ta kwashi rasit ɗinta muka raka ta wurin mai unguwa. Aka kira mai gidan, ya sauko, aka ba ta cikakken wa'adinta.

Abin haushi, masu cewa ƙungiya ba ta komai ba su zo taron ba. Sai an liƙa musu takarda a ƙofa su tuna lambata, da tsakar dare.

Zama na gaba Asabar ta farkon wata, bayan la'asar, inda muka saba. Kowa ya zo da katinsa da bashin da ake binsa.

Sakatare