Sanarwa ga Ƴan Rukuni Kan Shirye-shiryen Aikin Sa-kai na Matasa

Assalamu alaikum, ƴan uwa maza da mata.

An turo saƙonni da dama cikin wannan rukuni masu cewa an buɗe rajistar aikin sa-kai na gwamnati, wasu har da lambar asusun da za a tura kuɗin fom. Muna roƙon a daina yaɗa su. Shirin N-Power, wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar a 2016 domin matasa masu shekara 18 zuwa 35, kyauta aka riƙa yin rajistarsa, kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da shi a watan Oktoban 2023 domin gudanar da bincike. Duk wanda ya nemi kuɗi ko lambar BVN ɗinku ta WhatsApp da sunan wannan shiri, ɗan damfara ne.

Wannan ba ya rage darajar aikin kansa. Waɗanda suka yi N-Teach, ɓangaren koyarwa na N-Power, sun koyar a makarantun firamare da ke fama da ƙarancin malamai, ƴan N-Health kuma sun taimaka a asibitocin sha-ka-tafi, an riƙa ba masu digiri alawus na naira 30,000 a wata, ko da yake da yawa sun sha wahalar jinkirin biya, abin da bai kamata a yi wa matashin da ya ba da lokacinsa ba.

Ƙannenmu na Tudun Wada, Rigasa da Kawo da ke neman irin wannan dama su tanadi lambar NIN da takardun makarantarsu, su kuma jira sanarwa daga shafin hukuma. Wanda ya ga wani saƙo ya fara tura wa shugabannin rukuni domin a tantance shi.