Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban KACCIMA, ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano: maganar yaran shago

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya kasuwa ya jama'a.

Yallaɓai ni ba kowa ba ne, ɗan tebur gare ni ina sai da yadi da huluna, amma na san in ka yi magana manyan 'yan kasuwar Kano suna saurara, shi ya sa na ce bari in rubuto maka.

Shekara tara na yi a shagon wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ko kasuwar ba. Ni ke buɗe shago, ni ke sauke dila, ni na san bandir nawa ya shigo nawa ya fita, kwastomomin da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram ni suka sani ba shi ba, kai in ya tafi Chana saro kaya sai in yi wata guda da mukullin sito a aljihuna kuma ko ƙyalle bai taɓa ɓata ba. Abin da nake samu kuɗin abinci da na mota, sai ɗinkin sallah. Kullum zancen ɗaya ne, ka ƙara haƙuri zan sallame ka. Ran da na ce ina son aure, sai ya ce kasuwa ba daɗi. A watan ya sauya mota.

Na yafe masa wallahi, ba ƙara na kawo ba. Abin da ke damuna shi ne irina sun cika kasuwanninmu, kuma masu gida da yawa sun ɗauka shugabanci shi ne tsawa a gaban kwastoma da ɓoye wa yaro farashin sari kada ya waye.

Alhassan Ɗantata ya rasu tun 1955 amma har gobe ana kiran sunansa. Kowa na ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929, ba a cika tambayar ta ina kuɗin suka taru ba. Ta hannun mutane ne, wakilan da yake danƙa wa jari bisa amana su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. Ko a Sabon Gari nan kusa, ɗan Igbo zai ɗauko yaro a gaban iyayensa a yanka shekaru, in sun cika ya ba shi jari ya buɗe nasa. Su ma akwai masu cin amana, ban ce babu ba, amma dai akwai wa'adi kuma akwai shaidu.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita kaɗai ke cinye abin da ake ba yaro. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 kuwa bai ma shafe su ba, don dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wane shago ne ke da yara 25?

To roƙona ɗaya ne. Ku zauna da shugabannin kasuwanni a fito da 'yar takarda shafi ɗaya da Hausa: shekara nawa yaro zai yi, nawa za a dinga ba shi, da me za a sallame shi, uban yaro da shugaban layi su sa hannu. Wasu za su ce ai rashin yarda ne, to aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi ta sauka. A ƙara da cewa in yaro ya yi laifi a ja shi bayan kanta a yi masa faɗa, ba a bainar jama'a ba.

In an buga takardar ana neman mai rabawa layi-layi, ni zan yi kyauta, ranar Juma'a ba na fita kasuwa.

Naka,
wani tsohon yaron shago.