Ƙanwata ta nutse a littattafan China, ya zan ɓullo mata?

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Ina da ƙanwa 'yar shekara 19, a hannuna take tun rasuwar Ummanmu. Tun bara ta duƙufa karanta wasu littattafan China a waya, waɗanda ake kira danmei. Da na karɓa na duba, ashe soyayya ce tsakanin namiji da namiji. Waɗanda na gani duk hanyarsu ɗaya: wani janar ko ɗan sarki zai mutu bai cika wa masoyinsa alkawari ba, a sake haifo shi bayan ɗaruruwan shekaru, ya shiga nemansa. Har da wata tsohuwa a tatsuniyarsu, Meng Po, mai shayar da matattu romon mantuwa kafin su dawo duniya, shi kuma jarumin romon bai kama shi ba.

Na yi mata faɗa. Na ce ko a can ba a bar abin sakaka ba, tunda a 2018 wata kotu a lardin Anhui ta yanke wa wata marubuciya ɗaurin shekara goma da rabi, a 2021 kuma hukuma ta taka wa masu mayar da irin labaran fim birki. Sai ta ce, "Yaya, ai tarihi nake koyo." Ta zayyano min daular Tang daga 618 zuwa 907, da ta Ming daga 1368 zuwa 1644, har da labarin Sarki Ai na daular Han da ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi masoyinsa Dong Xian daga barci. Wallahi na rasa bakin magana. Yarinyar da a makaranta da ƙyar take buɗe littafin tarihi, yau ita ke cewa Sinanci take son koya, kuma wannan ɓangaren ba na so in kashe mata shi.

Amma Anti, abin da ya hana ni barci daban ne. Wani dare ta tambaye ni, wai zai yiwu Umma ta dawo a jikin wata jaririya? Ta yi sauka, ta san kabari da hisabi. Na ce mata a'a, ta yi shiru, daga baya na jiyo kukanta. Tun daga ranar nake zargin maraici ne ke jan ta wajen labaran da mamaci ke dawowa, fiye da soyayyar.

Abba mutum ne mai zafi. In ya ji, wayar za ta tafi, wataƙila har makarantar. In na ɓoye kuma, ina tsoron alhaki. Shin in sanar da shi, ko in kai ta wajen malamarsu ta Islamiyya a asirce? Kuma ta ina zan taso mata da zancen Umma ba tare da na fama mata ciwo ba?

Taki,
wata 'yar'uwa daga Zariya