Wasiƙa daga Shara Mansur

Makka, daren Alhamis

Mutumina Bazazzage,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Na san ka gama tsine mini a zuci, wata huɗu saƙonka na kwance a waya ban amsa ba. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Duk sanda na danna zan yi maka murya a WhatsApp sai in ga maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Shi ya sa yau na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake, in dai Zage-zagi na iya karatun da ya wuce layi uku.

Ka tambaye ni ko ya kamata ƙanenka ya biya kuɗin ajin Larabcin nan kafin ya taso zuwa nan Saudiyya. Zan zo kan wannan. Bari dai ka fara jin abin da autata ta yi mini ranar Asabar, don har yau abin na cina.

Mun fito daga baƙala, wato kantin unguwa, ni da ita, na sayo burodin tamis da madara, sai ga ƙawayenta biyu 'yan ajinsu a tsallaken titi. Ni ban ma lura da su ba. Na ce, "Karɓi ledar nan, hannuna ya gaji." Yarinyar nan ta matso, ta yi ƙasa da murya, ta ce, "Baba, la titkallam Hausa hina." Wai kar in yi Hausa a nan. A Shara Mansur fa, inda in ka rufe ido za ka rantse a Fagge kake! Shekararta tara. Na haɗiye, na ce bari in yi mata yadda take so, na juya harshe zuwa Larabci. Sai ta ƙara sunkuyar da kai. Da muka isa gida uwarta ta tsare ta, nan ta ce ai Larabcin nawa ma kunya yake ba ta, wai ina magana kamar mai karanta labarai a talabijin.

Kar ka yi dariya. Na san kana yi.

Abin haushin, a nan gaskiya ta faɗa. Ka tuna shekarun da muka yi a zauren Malam, ni ina fa'ili da maf'uli, kai kana gyangyaɗi a bayan ƙofa? Da wannan Larabcin na sauka Jidda ina taƙama. Na ce wa mai tasi, "Uridu an azhaba ilal Haram," wato ina so in je Harami, da wasullana cif-cif. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Sadaƙallahul azim." Sai da na shekara kafin kunnena ya buɗe. Mutumin Hijaz ba ya cewa uridu, abga yake cewa. Ruwa moya ne, yanzu dahhin, mene ne kuma esh. Ƙaf ɗin da Malam ya sha dukanmu a kansa sun mai da shi ga, ƙul ya koma gul. Ka karanta wa ƙanenka wannan kafin ya biya kuɗin ajin.

Akwai ma Larabci na uku, na 'yan Bangaladash da 'yan Pakistan masu aikin ƙarfi: "mafi malum" (ban sani ba), "inta fi ruh" (ka tafi). Su ban ga laifinsu ba, da shi suke cin abinci. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wani Balaraben ya kalli fatata ya fara yi mini irin wannan gwaranci, kamar ya yanke tun daga nesa cewa ba zan gane na gaske ba. Irinsu nake zazzage wa nahawun zaure har sai sun gyara tsayuwa.

To dubi ɗaya gefen. Ka je shagunan kusa da Harami lokacin Umrar azumi. Ɗan Bangaladash da bai san inda Kano ta dosa ba yana daga murya: "Hajiya zo, akwai araha, riyal goma!" Shi ba ya jin kunyar Hausa, tunda tana kawo masa riyal. Huɗubar Arfa ana fassara ta da Hausa. Tarjamar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi a maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina ake buga ta. Duk na jera wa yarinyar nan wannan. Har ƙwallo na kawo mata, na ce a gasar cin kofin duniya ta 2018 masu sunan Hausawi uku ne a tawagar ƙasar nan, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Na ce daga ina kike jin sunan ya fito? Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Su ai 'yan Saudiyya ne." Na rasa ta cewa.

Af, wai da gaske ne Dogo ya ƙara aure? Wani alhaji ya faɗa mini a bakin masallaci. Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin keken nan ba! Ka ce masa ina nan ina lissafi, da riyal zan karɓa.

Ina muka kwana? Tsohuwar nan maƙwabciyarmu, wadda ka ci tuwonta da ka zo, har ka nemi ƙari ba kunya. Tun zamanin Sarki Faisal take garin nan, amma Larabcinta bai wuce kam (nawa ne) da khalas (shi ke nan) ba. Asibiti ma sai ta ja jika ya yi mata tafinta. Da can haushinta nake ji, ina cewa mutum ya sha ruwan gari shekara hamsin bai koyi gaida mai gari ba, ai wannan ba yi ba ne. Har yanzu ban janye ba. Amma ka san ita kaɗai autata ke yi wa Hausa tiryan-tiryan? Mu in mun yi mata Hausa da Larabci take amsawa, don ta san muna ji. A gaban tsohuwa kuwa ba mafita. Jiya na leƙa na tarar suna daka yajin tsire, suna musu. Yarinya ta dage sunansa siriya, abincin mutanen Makka ne. Tsohuwa ta ajiye taɓarya ta ce, "Ke tafi can, tsire ne, kakanninki suka zo da shi, bakin Larabawa ne ya kasa faɗa." Da Hausa aka yi musun daga farko har ƙarshe. Na koma da baya a hankali don kar ta gan ni ta juya harshe.

Yanzu kullum bayan la'asar can nake tura ta. Uwarta ta ce dabarar tawa ta yi kama da ta Zage-zagi, na ce a'a, wannan tana aiki.

Ga roƙona. Ka sa 'yan matanka su riƙa turo mata murya, ko tatsuniyar Gizo ce, ko tsokana. Kar su saka Turanci, kar kuma su yi mata dariya in ta ce moya. Sannan in mai zuwa Umra ya samu, a haɗo mini daddawa da kuka, a ɗaure daddawar leda uku, ka san abin da ya faru da jakar bara.

Ka gaida Inna da kyau, ka gaida uwargida da yara.

Naka,
Bakanon da ya fi ka nahawu